Kowa Likitan Mara Ne a Unguwarmu

In ana neman inda likitoci suka fi yawa a jihar Katsina, kada a wahalar da kai zuwa birni. A zo wajenmu, Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, a shiga kowane gidan suna da hantsi. Mace ta kuskura ta dafe mara ta yamutsa fuska, kafin a sauke tukunyar tuwo ta samu likitoci bakwai, kuma ba wadda ta taɓa taka ƙofar makarantar jinya a cikinsu.

"Sanyi ne," in ji Gwaggo, ko kallon mai ciwon ba ta gama yi ba. "A tafasa bagaruwa ki riƙa shiga ciki safe da yamma."

"Haba Gwaggo, ai yanzu an ci gaba," in ji amaryar gidan, waya a hannu. "Infekshan ne na masai. Ki aika kemis a haɗo maki Ampiclox da Flagyl, kwana ukku kin miƙe."

"Ku yaran zamani mi kuka sani?" Inna ce daga bakin murhu. "Wankan jegonta ne bai yi ba. Ni na ga ruwan da aka yi mata wanka da shi, ko kaza ba ya figewa."

Can gefe wata ta rage murya: "Ni dai ban ce komi ba, amma tun da aka yi mata abokiyar zama take wannan ciwo. A dai nemi tsari."

Kowa ta faɗi nata, mai ciwo ta yi godiya, ta koma gida da sunayen magani cike da kai. Ba wadda ta tambaye ta tun yaushe abin ya fara, ko sau nawa take tashi fitsari da dare, balle a ji rabonta da barci mai daɗi.

Ba mugunta ke sa mu haka ba. In muka ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, har zuci muke faɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne, duk abin da ya taɓa mace daga cibiya zuwa ƙasa, a kwando ɗaya muke zuba shi mu ce sanyi. Mai lasifika a kasuwar Sheme ko 'Yankara ya san haka sarai, shi ya sa yake jero ƙaiƙayi da zafin fitsari da ciwon baya da rashin haihuwa da kasala, wani har da juya bayan maigida, sannan ya ɗaga jarka ɗaya ya ce ga maganinsu duka.

Alhali a wurin ma'aikatan lafiya cututtuka ne daban-daban, kowace da hanyarta. Akwai ƙwayoyin cuta da ke shiga mafitsara, kuma sun fi samun mata saboda hanyar fitsarin mace gajera ce, kamar santimita 4, ta namiji kuwa takan kai wajen 20. Gwajin fitsari yana nuna su, in an dace da magani cikin kwanaki an warke. Akwai tsargiya, wadda muka ɗauka ciwon yara maza ne masu iyo a kududdufi, muka manta cewa mai wanki a bakin rafi ko dam ita ma ƙafarta a ruwan take. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a jikin mafitsara, har da al'aurar mace, ya yi shekaru yana ɓarna. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Libaful ta Ingila suka yi dogon bincike a kan tsargiya a ƙasar Malumfashi, nan maƙwabtanmu, kuma maganinta firazikwantel shi ne wanda ake raba wa 'yan firamare. Akwai ciwon suga mai sa yawan fitsari, akwai tsakuwar mafitsara, akwai kuma cututtukan da ake ɗauka a shimfiɗa, waɗanda in ba a haɗa da maigida an yi wa magani ba, an yi aikin banza.

Sai kuma wanda ya fi ba mu wahalar fahimta. Mace ta je asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa, a gwada fitsari a ce lafiya lau, a yi hoton ciki a ce ba komai, ita kuwa mararta kamar ta cire ta ajiye. Idan aka haura mako shida a haka ba a ga ƙwayar cuta ba, likita kan fara tunanin ciwon mafitsara mai naci. Alamarsa a bayyane take ga mai shi: mafitsara na fara taruwa, zafi da nauyi na ƙaruwa, in ta yi fitsari ta ɗan samu sassauci, kafin ta gyara zama ya dawo. Mafitsarar mai lafiya takan riƙe kusan rabin lita, mutum ya zaga sau shida zuwa takwas a yini. Mai wannan ciwo tana iya zuwa sau ashirin ko fiye, kowane zuwa ɗan kaɗan. Masana sun fi karkata ga abu uku: rufin cikin mafitsara ya yi rauni har fitsari na ƙona shi, jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo sun zama masu saurin firgita, naman ƙugu kuma ya ɗaure ya ƙi saki. Ya fi kama mata, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya yi masa komai, don babu ƙwayar da za a kashe.

To daga ranar da ta dawo da takardar da ta ce ba komai, ranar muke sauya mata suna. Da mai ciwo ce, yanzu ta zama mai raki.

"Likita da kanshi ya ce lafiyarta lau, Yaya. Son jiki ne kawai."

"Ni abin da ya ɓata mani rai, bikin ɗiyata guda ba ta zo ba. Girman kai ya yi mata yawa."

Ba girman kai ba ne, lissafi ne. Gidan biki mata ɗari, masai ɗaya, ga layi, ga idon jama'a a kan wadda ta shiga sau huɗu kafin a kawo amarya. Islamiyya ma haka, tana zaune malam na karatu hankalinta na kan buta. Tafiya kuwa ba a magana. Wane direba ne zai tsaya maki a daji tsakanin Sheme da Ƙanƙara, ko a hanyar Sabuwa zuwa Ɗandume, don kina jin fitsari? Sai ta ƙi shan ruwa tun daren jiya, fitsarin ya yi kauri, zafinsa ya ninka. A hankali ta daina zuwa ko'ina, mu kuma a hankali mu daina aika mata goron gayyata.

Ga sallah. Ta yi alwala, ta tayar, ta ji kamar wani abu ya fito, ta sallame ta sake. Waswasi ya shige ta, har ta fara zargin ko ibadarta ba ta karɓuwa. Da za ta tambaya, da ta ji cewa malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayanin rangwamen da aka yi wa wanda fitsari ke zubo masa ba da sonsa ba a mafi yawan lokaci. Amma wace mace ce za ta ɗaga hannu a gaban malam ta yi wannan tambaya? Ko a takarda aka ce a rubuto, sai ta ji tsoron a gane rubutunta.

Ga kuma ranar girki. Ciwon nan kan tsananta da kwanciyar aure, wani lokaci ya kwana biyu yana ci bayanta. In ta yi shiru ta sha wuya, in ta nemi uzuri a ce ta raina miji ko asiri aka yi mata. Nawa aka yi yaji, nawa aka yi saki a kan abin da ba wanda ya iya buɗe baki ya kira sunansa?

Duk wanda ya taɓa jinyar yaro mako guda ba barci ya san yadda kai ke yi. To a ce shekara biyu mace na tashi sau takwas, sau goma kowane dare. Dole ta yi saurin fushi, ta daki yaro a kan abin da bai kai ba, ta zo tana kuka daga baya. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta zauna ta zuba wa bango ido. Abinci ya fita ranta, kitso da lalle su fita ranta, gabanta ya riƙa faɗuwa ba dalili. Wannan shi ne ciwon damuwa da fargaba, kuma binciken da aka yi a Amurka da wasu ƙasashe ya nuna sun fi yawa ga mata masu ciwon mafitsara mai naci a kan sauran mata. Abu biyun kuma suna ciyar da juna. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya kawo damuwa, damuwa ta ɗaure naman ƙugu ta kuma sa ƙwaƙwalwa ta ƙara jin zafin, zafin ya sake hana barci. Ba ƙirƙirar ciwon take yi ba, kuma ba haukacewa ta yi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa fuskar muke gani mu ce baƙin rai ne.

A wani gari da nan maganar za ta tsaya. Mu namu da ƙari. Tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, dare ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Mutanen Kadisau ba su manta harin Yunin 2020 ba. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da namu uku, aka yi watanni ko ɗiyarki da ke aure a Zariya ba ki iya kira ki yi mata kuka. A irin wannan zama, mace mai tashi sau goma ta ratsa tsakar gida zuwa makewayi, kowane tashi da bugun zuciya take yinsa. Ta kunna fitila a ce ta kashe, ta buɗe ƙofa a ce wa ke nan. Wadda ta taɓa kwana a cikin gona tana riƙe fitsari da numfashi, ko wadda gudun hijira ya kai ɗakin 'yan'uwa a Funtuwa suna kwana su goma, ita ta san abin da ake nufi. Ko an samu sauƙi, jiki ba ya saurin mantawa.

Abin takaicin, tsoron da ya game kowa shi ke ɓoye nata. Ta ce ba ta barci, a ce, "Wa ke barci a garin nan?" Ta ce gabanta na faɗuwa, a ce, "Ke ma kin faɗa, wa nashi ke tsaye?" An yi dariya, an wuce.

In abin ya kai ga kuka ba dalili, sai mu tsallake asibiti mu faɗa kan mutanen ɓoye. A kawo hayaƙi, a kawo rubutu, a kira mai ruƙiya, a ce namijin dare ne ya aure ta shi ya sa take gudun miji. Addu'a kam ba mai raina ta, kuma mai damuwa tana samun natsuwa da ita. Malaman kirki ma da kansu kan ce a haɗa da asibiti. Mu ne dai muka fi son a ce aljani a kan a ce damuwa, don aljani ba ya hana ɗiyan gida aure, amma a ji an kai uwarsu asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko Kware a Sakkwato, shi ke nan an shafa wa zuri'a baƙin fenti. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, ta maye gurbin ta 1958 wadda kullewa kawai ta sani. Doka ta sauya a Abuja, bakinmu bai sauya ba.

Wannan tsoro har magani yake sa a zubar. Likita ya gane ciwon, ya rubuta amitiriftilin ɗan kaɗan a sha da dare, don yana kwantar da jijiyoyin mafitsara ya kuma taimaka wa barci. Ta dawo gida, wata mai ɗan karatu ta duba kwalin.

"Lahaula! Yaya, wannan ai na masu taɓin hankali ne. Mi ya ɗauke ki?"

Sai a masai. A koma kemis, inda ba a tambayar komai sai kuɗi. Wannan wata Cipro, wata mai zuwa allura, har ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi aiki. Dikilofenak safe da yamma har ya huda ciki ko ya taɓa ƙoda. Wata daga nan take faɗawa Tramol, ba don shaye-shaye ba tun farko, don ta samu ta runtsa. Mafi muni, a ce gishiri ne, a kira wanzami ko ungozoma a sa aska. Yankan gishiri ya sha huda mafitsara, mace ta shiga da zafin fitsari ta fito da yoyon fitsari.

Yoyon fitsarin ma akwai darasi a cikinsa. Iyayenmu sun ga lokacin da ake ware mai shi a ɗaki can bayan gida, a ce ba ya warkewa, wasu su ce alhaki ne. A 1984 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi Babbar Ruga a Katsina, ya fara yi wa matan ɗinki. Dubbai suka warke, asibitin ya zama cibiya ta ƙasa, aka samu irinta a Kano da Zariya da Sakkwato, har da Danja ta kusa da Maraɗi, ba tamu ta wajen Bakori ba. Yau ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ta ga yarinya na yoyo za ta ce a kai ta Babbar Ruga. Ashe muna iya sauya tunani in muka ga magani na aiki. Bambancin kawai, mai yoyo zaninta na ba da shaida, mai ciwon mafitsara kuwa ba ta da shaida sai bakinta, bakin mace kuma a wajenmu sai ya yi rantsuwa ake yarda da shi.

Ciwon mafitsarar nan ba a cika raba mutum da shi kwata-kwata ba, amma ana lallashinsa har a yi rayuwa. Matakin farko gwaji, don a fitar da tsargiya da suga da ƙwayoyin cuta. In Funtuwa ko Malumfashi sun gaza, ga asibitin koyarwa na Shika a kan hanyar Zariya, wanda ya fi kusa da mutumin Sabuwa a kan birnin Katsina, ga kuma asibitin koyarwa na tarayya a Katsina ga wanda hanyar ta fi masa. Kafin a je, ta samu takarda ta riƙa jan layi duk zuwa fitsari, na rana daban na dare daban, kwana uku. Likita ya fi gane wannan a kan "ina dai jin jiki." Kuma in ya tambaya, ta faɗi maganar barci da kuka da faɗuwar gaba, kada ta tsaya a mara kaɗai.

Sai abinci, kuma a nan ake yin ta. Barkono, lemon kwalba, shayi mai kauri, Nescafé, goro, da kayan tsami irin su tsamiya da lemon tsami, duk suna iya tayar da shi.

"Yaji? In bar yaji in ci mi, Gwaggo? Ɗanwaken haka zan haɗiye shi kamar mai takaba?"

Ba a ce har abada ba. A ajiye abu ɗaya mako biyu a gani, don abin da ke tayar wa wannan ba shi ke tayar wa waccan ba. Ruwa kuwa a sha shi kaɗan-kaɗan da rana, a rage in magariba ta yi. Zama cikin ruwan ɗumi yana sassauta naman ƙugu, a nan tsofaffi sun yi gaskiya, amma ɗumi aka ce ba tafasasshe ba, kuma ba a cusa komai. Jini a fitsari, zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko mai juna biyu, waɗannan ba a kwana da su. Haka wadda ta fara cewa gara ta mutu ta huta. Wannan ba maganar da za a ce mata "ki yi istigfari" a tashi ba ce. A zauna da ita, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta ga likita.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, don haka in Faskari za ta jira nata, za ta daɗe. A Zimbabuwe da suka ga irin wannan, wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata zama a benci a harabar asibitin unguwa a Harare suna sauraren masu damuwa, suna taimaka masu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Da aka auna, aka ga masu zuwa wurin kakannin nan sun samu sauƙi ƙwarai. Mu da muke da tsofaffi a kowane zaure, da ungozoma a kowace unguwa, da 'yan adashi masu haɗuwa duk mako, ba ma'aikata muka rasa ba. Horon da ya rage mana shi ne na rufe baki har mai magana ta kai aya, da na barin maganar a inda aka ji ta. Na biyun ya fi wuya, kowa ya san mu.

Maza kuma kada su ɗauka an manta da su. Malam na majalisa yana warware rikicin Amurka da Iran, a gidansa akwai wadda ta shekara ba ta yi barcin awa uku a jere ba, bai sani ba, shi dai ya san ta canza hali. In ya sani ma, iyakarsa ya miƙa dubu ɗaya ya ce a sayo na sanyi. A tara dubu ɗai-ɗain nan na shekara guda, a haɗa da na mai lasifika da na hayaƙi, sun biya kuɗin mota zuwa Shika da gwaji har da canji. Kuma izinin fita a hannunsa yake, kuɗin a aljihunsa, in cutar shimfiɗa ce ma rabin maganin a jikinsa yake. Saboda haka Malam, bana in ka kai masara kasuwar Ɗandume, kafin ka tsaya wurin mai babur ko ka fara tambayar sadakin bazawara, ware na asibiti. Ka kuma raka ta da ƙafarka, ka shiga har gaban likita, ka ji da kunnenka cewa ba raki ba ne.